Malam Kau-da-Kai da katin Hajo

Shekara bakwai ke nan, da wannan kakar, tun da aka ɗauki yayana Malam Isuhu aka kai shi makwancinsa a bayan garinmu, kusa da Mallawa. A lokacin gero ya fara shiga rumbu, kamar yadda ya kamata a ce yana shiga yanzu in da damina ta yi mana adalci. Ba zan zauna in shara muku ƙarya in ce waliyyi muka rasa ba. Mutum ne mai taurin kai da yawan mita, in ya kama zance ɗaya sai ya yi ta gwigwiyarsa kamar goruba har kowa ya tashi ya bar masa tabarma. Ni ƙanwarsa Barira na fi kowa saurin tashi. Shi ya sa yau nauyin wannan rubutu ya faɗo kaina, don wadda ta fi toshe kunne ita ta fi cancanta ta tsaya ta ba da shaida.

Da ƙuruciyarsa a Magaria ya zauna, a gindin wata bishiyar bedi, yana rubuta wa mutane wasiƙa. Matar da mijinta ya tafi cin rani, tsohon da ɗansa ya yi shiru a Libiya, duk gabansa suke zama su zazzage cikinsu. Shekara da shekaru yana wannan aiki, ban taɓa jin ya dawo gida da labarin wani a bakinsa ba, ko da matarsa ta yi ta zungurarsa. Cewa yake yi ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da salula ta zo ta kashe wasiƙa, sai ya tattara ya dawo gida, ya sayi farantin sola da batir, ya kafa rumfar caji a kasuwar Mallawa.

A rumfar nan ya samo sunan da ya bi shi har kabari. Mutanenmu in sun kawo salula, a buɗe suke miƙa ta, su haɗa da faɗin lambar buɗewa da ƙarfi kamar mai tallan gyaɗa. Shi kuwa sai ya ce a kashe ta tukuna. In mutum zai danna lambarsa, Yaya ya juya wuya can gefe ya zuba wa zana ido har a gama. In wata ta ce, "Malam, riƙe mini lambar, ni mantuwa gare ni," sai ya toshe kunnuwa da yatsu, babba da shi, da furfurarsa da komai. 'Yan kasuwa suka sa masa Malam Kau-da-Kai. In zai wuce ta rumfar mahauta sai su jera, su juya wuya gaba ɗaya, su kwashe da dariya. Bai taɓa tanka musu ba.

Gonakinmu na kudu suna dab da iyaka. Kana duƙe cikin gyaɗarka sai salula ta yi ƙara a aljihu, wai saƙo ne, barka da shigowa Nijeriya. Kowa abin dariya ya ɗauke shi. Yaya kaɗai ya hana wa sukuni. Ya riƙa tare mutane yana tambaya, wa ya gaya mata inda kake? In ta san ka matso iyaka, to ta san inda ka wuni jiya, ta san gidan da ka shiga, kuma ba a cikinta take barin abin ba, akwai inda take kai rahoto. Amsar da ya fi samu ita ce wadda wani mai sayar da igiya ya ba shi a gabana: "Malam, su sani mana. Talaka me gare shi na ɓoyo? Su leƙa rumbuna ma, ƙila su ji tausayi su zuba wani abu." Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Wanda bai zauna cikin matan ƙauye ba, da wuya ya gane yadda abin ya same mu. Mu da aro muke rayuwa. Turmi, rariya, tukunyar suna, zanen fita biki, 'yan kunne, har garwashin wuta. Macen da aka aiko aro ta ce babu alhali akwai, ta manna wa kanta tambarin rowa, kuma ranar da ta haihu za ta gani a ƙwaryarta. To da hukuma ta ce kowane pus, wato layin salula, sai an rubuta shi da katin ɗan ƙasa, sai katin ma ya shiga sahun kayan aro. Ba kowa ke da shi ba, yinsa sai da tafiya da hoto da dogon jira. Mai shi ta ba maƙwabciya, maƙwabciya ta ba ɗan ƙanenta, ya je ya dawo da yamma, a goge shi da gefen zane a ce an gode. Me ya ragu a jikinsa? Ba a ga komai ba. Yaya ya sha gaya mini, "Barira, turmi in an maido miki shi, ya dawo. Kati ko an maido miki shi bai dawo ba." Ni kuwa in ce, "Yaya, wannan karatunku ne na 'yan lakwal masu boko. Abu yana hannuna ka ce bai dawo ba?"

Shekara biyu kafin rasuwarsa, cikin bazara, wata farar mota kat-kat ta tsaya a gindin tsamiyar garinmu. Maza biyu da mace ɗaya, sanye da riguna masu aljihuna da yawa irin na ma'aikatan proje masu kawo agaji. Suka ce tallafi za a kawo wa mata, akuya da buhun hatsi, amma sai an ɗauki sunaye. Suka tambaya wace ce mata ke jin maganarta. Aka nuna ni, don baki gare ni kuma ni ke gaba a duk gayyar mata. Kaina ya kumbura. Na ɗauki faifai na bi gida-gida ina tara katuna kamar mai tara gudummawar biki.

Mace ɗaya ce ta yi jinkiri. Hajo, ƙawata tun muna 'yan mata, wadda mijinta ya rasu ya bar ta tana riƙe da kanta da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Katinta a naɗe yake cikin leda a ƙasan kwalla, don Yaya ne ya raka ta aka yi mata shi, ya kuma ja kunnenta. Ta ce, "Barira, mu bari ranar kasuwa mu tambayi Malam." Na ce, "Malam ɗin zai ba ki akuya? Sau nawa na ari rariyarki ba ki tsaya jiran Malam ba? Yau ni za ki yi wa rowa?" Kalmar nan ta rowa ita ta buɗe kwallar. Na san za ta buɗe ta, shi ya sa na faɗa.

Suka jera katunan a kan motar, suka ɗauki hoton kowanne gaba da baya, suka ɗauki fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Suka miƙo mini wata takarda da Faransanci na dangwala yatsa, suka bar mini kwafinta, na ɓoye ta kamar takardar gado. Kafin la'asar kowace mace katinta ya dawo hannunta. Ban gaya wa Yaya ba, don na san abin da zai ce.

Akuya ba ta zo ba, hatsi bai zo ba. Abin da ya zo, bayan an sare gero, masu kaki ne, suna tambayar gidan Hajo. Suka same ta da hantsi a bakin kasko, hannu duk mai. An sace wani mai shanu can wani wuri da ba mu ma taɓa jin sunansa ba, waɗanda suka sace shi suna kiran danginsa da wata lamba, lambar kuwa da sunan Hajo aka rubuta ta, da hoton katinta. Hajo da ba ta taɓa mallakar salula ba a duniya.

Ranar kasuwa ce, amma da suka tafi da ita ofishinsu Yaya ya rufe rumfa muka bi su. Tsakani da Allah ba wanda ya taɓa lafiyarta. Takarda suka shimfiɗa a gabanta, doguwa, mai layi-layi, ta nuna duk inda lambar ta shiga: rana kaza tana daji kaza, rana kaza ta tsallaka iyaka, rana kaza ta dawo. Matar da iyakar tafiyarta Dantchiao, shi ma ta'aziyya. Da aka gama karanta mata sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ko jaki ba ni da shi." Mai tambayar ya dube ta, na ga ya yarda da ita a ransa, amma takarda ta faɗi abin da ta faɗa, kuma a ofis takarda ta fi mutum baki. Kwana huɗu Hajo ta yi a can. Yaya ne ya yi ta kai da kawo, ya kawo mai gari, ya kawo liman, ni kuma na fito da takardar da na ɓoye. Yaya ya karanta ta sama da ƙasa, ya juya bayanta, ya ce, "Takardar nan ba ta da uba." Ba sunan ofis, ba gari, ba inda za a je a same su. Da wannan aka sake ta. A nan ne kuma muka ji cewa ba Hajo kaɗai ba, akwai wasu layukan da sunayen matan garinmu, kuma har yau da nake rubutun nan ba wadda ta san nawa ne ke yawo da sunanta.

Hukuma ta sake ta, gari bai sake ta ba. Aka ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Aka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu faɗa kuwa su ne matan da katunansu suka kwanta da nata a faifai ɗaya. Man gyaɗarta ya riƙa dawowa daga kasuwa yadda ya tafi. Amma abin da ya fi cin ranta ba ciniki ba ne. An daina zuwa aro gidanta. Turminta ya wuni a kife, rariyarta a rataye, ba mai sallama ya ce wance ta ce a ba ta. A wurinmu macen da ba a zuwa aro gidanta an cire ta daga cikin mutane ke nan, ko da ana gaishe ta a hanya. Shekara tara yanzu, yaran da ba a haifa ba a lokacin sun san ta da mai layin ɓarayi.

Na yi jiran Yaya ya zage ni, ya ƙi. Da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. A hanyar dawowa abu ɗaya ya ce: ba sai na iya Faransanci ba, da na san ko yadda suna da adireshi ke zama a kan takarda, da na ga babu su. Rani na kewayowa na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da shida, na zauna a tabarma ɗaya da sa'annin 'yata ina jan baƙi a allo. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi. Ni ba gemu gare ni ba, kuma ba son ilimi ya kai ni ba, kunya ce ta kora ni.

Ciwon ciki ne ya kwantar da shi. Akwai wani littafi da yake rubuta wa mutane lambobin 'ya'yansu da ke nesa, kowa da shafinsa. Da ya ga jiki ya ƙi, sai ya sa aka riƙa kiran masu shi, yana yage wa kowa nasa yana ba shi. Mako guda kafin rasuwarsa, da rana tsaka, ya miƙo mini sauran shafukan da masu su ba su zo ba, ya ce in sa a murhu. Ni kuwa lokacin karatu ya fara yi mini daɗi, ko takardar ƙunshin shayi na tsinta sai na haɗa baƙaƙenta. Na buɗe zan duba. Daga kan tabarma, da 'yar muryar da ta rage masa, ya ce, "Barira, kau da kai." Na kau. Da takardun suka cinye sai ya ce, "Hajo amana ce a wuyanki. Kada ki bari a sake ɗaukar ta." Na ce na ɗauka. Da wannan alkawari nake kwana nake tashi shekara bakwai.

Nakan tambayi kaina, da zai ɗaga kai yau ya dubi Mallawa, me zai ce? Rumfarsa tana nan, wani ne a ciki. Salula talatin a buɗe a kan tebur, masu su sun tafi cin kasuwa, ya ɗauki wadda ya ga dama ya yi kallo. Ba mugu ba ne, ba wanda ya taɓa gaya masa akwai laifi a ciki. A zamanin Yaya lamba da kati kawai ake nema. Yanzu murya muke bayarwa da kanmu. Mace ta danna saƙon murya ta yi wa 'yar'uwarta kukan ciwon da ke damunta a wurin da ba a faɗa, kafin kwana biyu ana saurarenta a tashar Dungass ana dariya. Jariri ba a raɗa masa suna ba hotonsa ya riga ya kai Kano. Gawa ma ba ta tsira ba, na ga an ɗauki hoton mamaci a makara an watsa wai don a yi masa addu'a. Ko ina ka je, miƙo kati, tsaya a ɗauke ka, kawo yatsa. Ba mai cewa don me. Magana zarar bunu ce, iyayenmu sun faɗa tun babu na'ura, amma su bunu ɗaya-ɗaya suke tsoron zarewa, mu jinkar ɗakin muka ɗaga gaba ɗaya muka miƙa.

Ɗana da ke aiki a Magaria, mai takardu har bango, shi ya fi ba ni haushi. Cewa yake, "Inna, duniya duka haka take, manyan ƙasashe ma ana jin kowa." Wai wannan shi ne lallashin. Yakan ƙara da cewa da irin wannan bibiyar ake kama masu laifi. Ban musa ba, ƙila ana kamawa. Ni dai a garinmu wadda na ga an kama Hajo ce.

Ba zama na yi ba. Ba gidan suna, ba bakin famfo, ba injin niƙa da ban tsaya na yi magana ba. Na gwada tsoratarwa, suka ce abin da Allah ya rubuta ba kati ke kawo shi ba. Na gwada addini, na ce kullum bayan salla kuna roƙon Allah ya rufa muku asiri, ku fito ku yaye da hannunku. Suka ce amin, suka ci gaba da abin da suke yi. Na gwada kawo misalin Hajo, sai na ga ƙara tona mata miki nake yi, don da na ambaci sunanta ba katin suke tunawa ba, kwana huɗun suke tunawa. Na bari. A ƙarshe suka sa mini Kau-da-Kai Ƙarama, in na doso famfo wata ta ce ku ɓoye katunanku ga 'yar sanda nan. Ɗiban ruwa da kwando ya fi wannan aiki riba, don shi ko ba komai kwandon zai wanku. Matsalar ita ce ɓarnar ba ta da jini. In ɓarawo ya ɗauki akuya, ga turke nan wayam, kowa ya gani. In an ɗauki sunanka, kana nan zaune da shi, kana amsawa in an kira.

Abu ɗaya na riƙe: katin Hajo bai sake fita daga kwalla ba. Sau biyu ana zuwa da wani abu na rubuta sunaye, sau biyu ina zuwa in zauna a ƙofar ɗakinta har motar ta tashi. Da shi nake rarrashin kaina in na tuna Yaya.

Sai bana ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Watan jiya mota ta tsaya a gindin tsamiyar nan dai, babba, kuma wannan karon buhunan suna ciki, kowa ya gan su da idonsa. Sharaɗin shi ne kati, da fuska, da yatsu goma a kan wata 'yar na'ura mai haske. Kafin in sa takalmi layi ya kai bakin masallaci. Na ratsa har gaba na ce a ba ni takarda. Wata yarinya mai hankali cikin ma'aikatan, sa'ar jikata, ta miƙo mini da hannu biyu, har da ta Hausa. Na tsaya na karanta a hankali, da yatsa, mata suna tsaki a bayana. Wannan takarda tana da uba, da suna da hatimi da komai. Na ce, to fuskokin nan da yatsun ina za a kai su? Ta ce cikin na'ura, a babban ofis. Na ce har yaushe? Wa da wa zai gani? In mun ci hatsin ya ƙare, zan iya zuwa in ce a maido mini yatsuna? Ta ce, "Inna, wallahi ban sani ba, ni ma aiki aka ba ni." Na yaba mata da ba ta yi ƙarya ba. Daga baya wata ta ɗaga murya: "Barira, in kin ƙoshi matsa mana, mu 'ya'yanmu ba takarda suke ci ba!"

Ina juyowa na ga Hajo a layi, da ledar nan a dunƙule a hannunta. Na je na kama gefen mayafinta na ce ta fito. Ba ta ɗaga murya ba, Hajo ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ta ce, "Barira, wancan karon ke kika ce in bayar, na bayar. Yau kin ce kada in bayar. In na fita layin nan, gidanki zan zo cin tuwo?" Ta san abin da ke rumbuna, don tare muka share shi. Na ce mata Malam ya bar mini ke amana. Ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Sunana shekara tara yana yawo ba da ni ba, ya je dajin da ban sani ba, ya tsallaka iyaka. Bari yau dai ya dawo mini da tiya biyu ta gero."

Na saki mayafin. Na tsaya a gefe ina kallon layi yana tafiya, ina tuna jikoki uku da na baro a gida da ruwan kunu. Ba zan ɓoye muku ba tunda na ce shaida zan bayar: na koma gida na ɗauko nawa katin, na dawo, Hajo ta matsa ta ba ni wuri a bayanta.

Da aka zo kanta, sai tambayoyi, da ƙarfi saboda hayaniya. Sau nawa kike ci a rana? Wa ke ciyar da ke? 'Ya'ya nawa kika haifa, nawa ke raye? Abubuwan da mace ba ta gaya wa ko surukarta. Ban shirya ba, ban yi tunani ba, sai na ji wuyana ya juya da kansa, na zuba wa katangar masallaci ido, na danne kunnuwana da mayafi har ta gama. Da nawa ya zo na ɗauka ta tafi karɓar hatsinta. Ashe tana nan tsaye kusa da ni, tsakanina da sauran mata, ta juya wuya can gefe tana kallon tsamiya.

In kun tambaye ni me ya rage na Malam Isuhu bayan shekara bakwai, ba zan ƙara masa gishiri ba. Wa'azinsa bai kama ba, nawa ma bai kama ba. Rumfarsa ta zama abin da ya ƙi. Amanar da ya bar mini ta zube a gindin tsamiyar da na fara zubar da ita, kuma da ni a cikin layin. Ban ga alamar 'ya'yanmu za su fi mu ba, don su a cikin abin aka haife su, ba su ma san an taɓa yin zamanin da mutum zai je wuri ya dawo ba wanda ya rubuta. Abin da ya rage shi ne tsofaffin mata biyu da suka juya wa juna wuya a bainar jama'a, don kowace ta bar wa 'yar'uwarta ɗan abin da ya saura mata na mutunci. Ba shi da yawa, bai hana komai ba. Na'urar da ke gabanmu ba ta da wuyan juyawa, ta dube mu ido cikin ido ta ɗauki abin da ta zo ɗauka.

Yaya, ka rufa wa mutane asiri iyakar rayuwarka suna yi maka dariya. Allah ya rufa naka ranar da ba mai iya kau da kai. Geron mun ci, ya kusa ƙarewa. Yatsun ba su dawo ba.